Kwanon Ɗanwaken Hadiza

Laraba da dare, Bakura

Yau Hadiza, ɗalibata 'yar aji uku, ta ce ta daina zuwa makaranta. Lokacin tara ƙawayenta sun janye daga kwanon ɗanwaken da suke ci tare, saboda farin ɓawon da ya fito mata a gwiwar hannu. Ɗaya daga cikinsu, Saratu, ita ta ce kuturta ce.

Likita a Mafara ya duba ta tun bara, ya ce soriyasis ne, ba a ɗauka. Na tara ƙawayen nata na ce, "Fatar kowa, har tawa, cike take da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Garkuwar jikin Hadiza ce mai zafin kai, tana faɗa fiye da kima, sai fatar ta yi ta toho tana ɓarewa."

Saratu ta ce, "Malama, faɗi daban, ci daban."

Gaskiyarta. Na wanke hannu na zauna, muka ci ɗanwaken ni da Hadiza. Can Saratu ta matso: "To ku rage mani ƙwan."

Da aka tashi, Hadiza ta tambaye ni ko gobe akwai gwaji. Akwai, kuma ban ko shirya tambayoyin ba.