Turken Bijimin Baba

Ƙanwata Léonise,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya yara? Ina lafiya a Marseille, ƙafata da ta kumbura ma ta yi sauƙi, kada ki gaya wa Baba zancenta.

An ce damina ta sauka can gida, a tsibirin Martinik, hankalina ya ƙi kwanciya. Kin san yumɓun makiyayarmu na dutse mai aman wuta: da rani ya tsage, da ya sha ruwa ya saki turke. Haka bijimin ya tumɓuke nasa bara, ya ja Baba a ƙasa. Don Allah ki ɗaure bijimin a jikin mangwaro. Baba zai ce, "Ni za ki koya wa kiwo?" Ƙyale shi ya yi faɗansa. Bara ina kusa, na cafke igiyar. Bana sai ke.

Allah ya tsare.

Yayanki,
Firmin