Hannun da Zai Ɗauki Lukuti

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da 'yan makarantarki masu hana ki sakat. Mu nan alhamdu lillahi. Ɗanki Lukuti ya shiga wata na biyar, kumatu kamar an hura, duk wanda ya ɗauke shi sai ya tambayi abin da muke ba shi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba maimakon kira. Kin san gidanmu ɗaki biyu ne, kuma Iya, surukata, tana tare da mu tun haihuwa. Ko tari na yi sai ta ce sannu. Maganar nan ba ta faɗuwa a waya.

Yaya, hannuwana ne. Ciwon da na ce miki gajiyar haihuwa ce bai tafi ba. Nakan tashi da yatsu a sandare kamar na aro, wuyan hannu a kumbure, ba sa saki sai rana ta ɗaga. Zobena da sabulu na cire shi, bai sake shiga ba. Maɓallin rigar Lukuti kuwa, ɗan mitsitsin nan, sai na yi gumi kafin ya shiga raminsa.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba: da safe ba na iya ɗaukarsa. In ya yi kuka sai in kwanta kusa da shi, in jawo shi da damtse, in ba shi nono a kwance. Iya ta ce, "'Yar nan akwai son jiki!" Tana dariya, ni ma ina dariya. Ita a ganinta sanyi ne, kullum tana shafa min man zafi, Allah ya saka mata.

Likitan asibitinmu na kusa ya sa an ɗebi jinina. Da sakamako ya fito ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya tura ni babban asibiti wurin likitan gaɓoɓi. Ban ma san akwai wanda gaɓoɓi kaɗai yake dubawa ba. Talatar makon sama zan je.

Tsoro nake ji. Me zan ce masa? Ke ce mai amsa a gidanmu tun muna yara.

Ki gafarta min rubutun kaza, da tsumma na naɗe biron.

Taki,
Auta

*

Autata, 'yar lelena,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Iya da maigida. A lakace min kumatun Lukuti.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin ofis, na sake karantawa a zaune. Faɗa ya zo min har baki, amma na ajiye miki shi sai kin warke. Wata da watanni kina fama, ni ina nan ina tambayarki ko yaro ya fara juyi!

To saurara, ɗalibata ta farko. Na san halinki. Ke ce kika taka kwalba kina 'yar firamare, kika cusa ƙafar a takalmi kika yi shiru har ta yi ruwa. In likita ya ce yaya jiki, bakinki zai riga ki cewa da sauƙi. Ki kama bakin nan. Wannan amsar maƙwabta ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki gaya masa yadda safiyarki take, da maganar zobe, da ta maɓalli, da wadda kika gaya min a ƙarshe. Ita ce ma ta fi muhimmanci. Kada ki sa riga mai matsattsen hannu don ɓoye kumburi, ba gasar kwalliya za ki ba.

Ki tafi da maigidanki, kunne huɗu ya fi biyu. In likita ya yi kalmar da ba ki gane ba ki ce ya maimaita. Kullum ina gaya wa yarana a aji, mai tambaya ba ya ɓata, mai gyaɗa kai don kunya shi ne ke kuka ranar jarrabawa.

Da so samu ne ni zan riƙe miki jaka. Amma 'yan ajin ƙarshe sun fara jarrabawa, ni ce kuma a kansu, ko ƙofar makaranta ba a bari in leƙa.

Ki kwantar da hankalinki. Ciwon da aka san sunansa an ci rabinsa. Za ki ga, ƙwaya kaɗan ce, kafin in zo hutu kina cilla Lukuti sama kina cafewa.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Yayarki mai ƙaunarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Mun je, mun dawo.

Wurin jiran dogon zaure ne mai bencin ƙarfe, da fanka ɗaya mai kukan tsufa. Kusan kowa da sanda ko mai riƙe shi. Na zauna kusa da wata tsohuwa, yatsunta duk sun karkace gefe guda kamar saiwar bishiya, 'yarta ce ke buɗe mata robar ruwa. Ta yi wa Lukuti wasa, ta ce min, "'Yata, wa kuka kawo?" Na ce ni ce. Ta dubi hannuna, ta dubi nata, ta ce, "Allah ya sa kin zo da wuri."

Likitar mace ce, da furfura a gaban goshi da tabarau rataye a wuya. Ta ce, "Yaya jiki?" Yaya, wallahi na yi niyya, amma sai ji na yi na ce da sauƙi. Ta yi dariya ta ce, "Duk layin nan da sauƙi suke ce min. To ni zaman me nake yi a nan?"

Ta karɓi hannuna ta bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya tana dannawa. Da ta haɗa tushen yatsun ta matse, ban san na yi ƙara ba. Ta ce in cire takalmi, ta duba yatsun ƙafa, da gwiwa, da kafaɗa. Ta tambayi tsawon lokacin da nake ɗauka kafin hannu ya saki da safe, da ko idona yana bushewa, da ko akwai mai irin wannan a danginmu. Sannan ta miƙo min yatsunta biyu.

"Matsa."

Na matsa.

"Ina jira."

"Ai na matsa, likita."

Ta yi rubutu. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Wa yake ɗaukar yaron da safe?"

Baban Lukuti ya ce, "Ita mana."

Ta ajiye biro tana kallona. Sai na faɗa, duka, har jawowa da damtse. Ban kalle shi ba, amma na ji ƙafarsa da yake jijjiga yaron da ita ta tsaya cak. Can ya ce, a hankali, "A ɗaki ɗaya muke kwana fa."

Likita ta ce ba sanyi ba ne, ba kuma wani laifi na yi ba. Garkuwar jikina ce, wadda ya kamata ta tsare ni, ta juyo tana cin gaɓoɓina, kuma yakan taso wa wasu mata bayan haihuwa. Ta ce ba a cika rabuwa da shi gaba ɗaya ba, amma ana iya danne shi mutum ya yi rayuwarsa. Sai dai gaɓar da ya riga ya cinye ba ta dawowa. Na tuna da tsohuwar waje.

Ga inda gizo ke saƙa. Maganin da ta fi amincewa da shi, ganin yadda nawa ya zo da ƙarfi, ba ya haɗuwa da shayarwa. In zan sha, sai an cire Lukuti daga nono. Akwai wani da ake iya shayarwa da shi, amma yana da nawa wajen aiki, kuma ba ta da tabbacin zai ishe ni. Ta ce, "Jikinki ne, ɗanki ne, ba zan zaɓa miki ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, gaɓoɓi ba sa jira."

Yaya, a duk abin da uwa ke yi wa ɗa, nonon nan kaɗai ya rage min. Wanka Iya ce, goyo Iya ce. Na ce a ba ni mai nawar.

Da muka gaya wa Iya sai ta zauna a bakin gado, ta ce, "Ni da nake ce miki mai son jiki." Ta ɗauki kwalbar man zafi ta rasa inda za ta ajiye. Amma ta ce gara da na zaɓi haka, ina aka taɓa cire ɗan wata biyar.

Na yi daidai? Ki gaya min gaskiya.

Auta

*

Autata,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku duka.

Kin ga amsa ta yi jinkiri. Ba direba ba ne, ni ce. Na fara takardar nan na yaga ban san sau nawa ba.

Na shiga ɗakin karatu na kwashe duk littafin da ya ambaci ƙashi. Na tare malamin kimiyya a hanya har ya makara aji. Na zauna da nas ɗin makaranta. Duk abin da likitarki ta faɗa shi suka faɗa, ba ragi. Na yi ta neman hanya ta uku, irin wadda nake nuna wa yara in lissafi ya ƙi, ban samu ba.

Na ce miki ciwon da aka san sunansa an ci rabinsa. Bakina ne ya yi sauri, ki yafe min.

Kin ce in gaya miki gaskiya. In na ce ki cire shi, ba ni zan ji kukansa ba. In na ce ki jira, ba yatsuna ake ci ba. Shekara nawa ina tsaye gaban allo, yaro bai taɓa ɗaga hannu na ce masa ban sani ba ba tare da na ce gobe zan zo da amsa ba. Ke kuwa, Auta, ban sani ba, kuma ba ni da goben da zan yi miki alkawari.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki riƙa komawa asibiti a kan lokaci, kuma in abin ya ƙaru kada ki rufe.

Ina yi miki addu'a a kowace salla.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya Malama,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan an gama jarrabawa lafiya. Ni ne ƙaninki, Baban Lukuti. Ki yi haƙuri da na rubuto miki, ban saba ba, kuma ƙanwarki ba ta san na rubuto ba.

Yau kusan wata uku tana shan maganin, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba, ni shaida ne. Amma kumburin bai sauka ba, ya ma kama gwiwar hagu.

Yaron ya fara rarrafe. Shekaranjiya da hantsi Iya tana wanki a waje, ni ina shago. Ya nufi teburin da aka ajiye butar shayi, ya kama zanen teburin yana ja. Matata tana kusa da shi. Ta kai hannu ta taɓa rigarsa, yatsun suka ƙi rufewa. Sai ta faɗa a kansa da jikinta. Ruwan zafin ya zube mata a kafaɗa. Yaron ko ɗigo bai same shi ba, ita kuwa an wanke mata ƙunar an naɗe.

Jiya muka koma wurin likitar. Ta sake danna hannun, ta sake faɗin maganarta ta farko, cewa gaɓoɓi ba sa jira. Na sayo madarar jarirai da kwalba, yaron ya ƙi, turewa yake yi. Iya da ta fi kowa cewa kada a cire, yanzu ta daina faɗin haka.

Yaya, ni mai gyaran firij ne. Abu in ya lalace in kwance shi, in ga inda ya ƙone, in canja. Wannan ban san ta inda ake kwancewa ba. Ba zan iya ce mata ki cire ba, kuma ba zan iya ci gaba da kallo ba. In an ba ku hutu, don Allah kada ki tsaya ko'ina.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Ƙaninki

*

Yaya,

Salam.

Yau da safe na ba shi ya sha har ya yi barci da shi a baki. Daga nan na haɗiye sabon maganin. Ba wanda ya sa ni.

Da ya farka ya juyo ƙirjina kamar kullum. Ya ƙi kwalba, ya ƙi cokali. Iya ta fita da shi tsakar gida tana jijjigawa, ina jin muryarsa daga nan, har ta dushe. Gaban rigata ya jiƙe sharkaf.

Likita ta ce sai an yi makonni kafin a san ko zai karɓe ni. Ba ta yi alkawari ba.

Kada ki nemo amsa, ba ita nake so ba. Ki zo kawai. In ya yi shiru ki ɗauko shi ki ɗora min a cinya, ki riƙe ta ɗaya gefen.

Auta