Ƙyallen da Aka Samu a Bakin Zanen Inna

Malam Edita, gaisuwa mai yawa gare ka da masu karanta wannan shafi, Kirista da Musulmi baki ɗaya, don duk wanda mace ta haifa zai gane abin da ke cina. Don Allah a sakaya sunana da na ƙauyenmu. Ina kuma roƙo kada a yi saurin tsine mini, a bari in kai aya tukuna. Duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina shi.

Ni tela ne, ina da keke a wani ɗan shago a Malumfashi. Tun ina saurayi na karɓi Almasihu, ni da ƙanwata Saratu. Mahaifiyarmu kuwa, Inna, Bamagujiya ce ta gidi, giya take dafawa a ƙauye, kuma duk wa'azin da muka yi mata shekara da shekaru amsarta ɗaya ce: "Ku yi naku, in yi nawa." Sai bara da damina, ba wanda ya matsa mata, ta kife tukwanen giyarta ta shiga ajin baftisma. Saratu har kuka ta yi don murna. Fasto ya sa rana, ya ce ranar Kirsimeti za a yi mata baftisma a rafi tare da sauran masu bi.

Inna ta ce ita fa ba za ta shiga ruwan nan da tsummokaran da suka sha hayaƙin giya ba, da sabon tufafi za ta sadu da Yesu. Ta tsinci audugar gonarta ta farko, ta kaɗa zare da hannunta, ta kai wa masaƙi ya saƙa mata fari tas, da layin shuni siriri guda a gefe. Ta tako da ƙafa har shagona ta ajiye mini shi. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, sai ta ce, "Mai keke, ga shi, riga da zane. Ba na son ado, a dai rufe mini jiki." Na ce, "Inna, an gama, naki ne farko." Alkawarin tela!

Wanda bai zauna ƙasarmu ba ba zai san yadda watan Kirsimeti yake ba. Lokacin ne ake buɗe kasuwar auduga, kuɗi ya shigo hannun kowa, motoci suna ta jigila zuwa Funtua, 'yan koli sun baza atamfa da takalma da agogo, mai gida ba ya da sukuni sai ya yi wa iyali sabon ɗinki. A coci ma hirar ke nan kafin a fara sujada, wa ya sayi me, matan wane anko za su yi. Shagona ya cika har ba wurin sa ƙafa. Ina taka keke tun safe, addu'ar safiya na daina, taron tsakiyar mako na daina, har ran Lahadi nakan sulale kafin a sa albarka in koma in rufe ƙofa in ci gaba. Saƙin Inna yana kan kantar shago, kullum in ce gobe. Ai uwa ce, ba za ta kai ni ƙara ba, ko ba haka ba?

Ana nan sai ga wani akawu mai awon auduga, babban mutum a cocinmu, shi yake karanta Littafi a gaban jama'a. Ya kawo ɗinkin gidansa kaf, na mata da na yara. Idonsa ya faɗa kan saƙin, ya ɗaga, ya murza, ya ce, "Kai, Tela! Ina ka samo wannan? Irin wannan zaren ai ya ɓace. Shi nake so ka yi mini riga, in fita daban ranar Kirsimeti." Na ce masa akwai mai shi. Ya ce, "To, naɗe mini kayana in kai wa na bakin tasha." Jama'a, ba wuƙa ya sa mini a wuya ba. Bai san na waye ba, kuma ban faɗa masa ba. Na dubi tulin ɗinkin nan, na dubi abin da ya zaro daga aljihu, na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, mai shi ta daɗe ba ta waiwaye shi ba." A raina na ce zan sayo wa Inna farin yadi na kanti, ai fari fari ne. Na sa almakashi. Yadin kantin ma ban samu sukunin sayowa ba.

Ana jibi Kirsimeti Inna ta iso da rana tsaka, ƙafafunta futu-futu. Na tashi na rusuna, na ce, "Inna, keken ne ya lalace, sai an kawo wani ƙarfe daga Funtua." Keken da ta ji ƙararsa tun daga bakin hanya! Ta dubi kantar shagon, saƙinta ba ya nan, ta dubi ƙasa, sai ta sunkuya a hankali ta tsinci wani ɗan ƙyalle a gindin keken, fari, da layin shuni a gefe. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta ce, "Allah ya gyara keken, Mai keke." Ko ruwa ba ta sha ba ta juya. Me ya hana ni bin ta? Akwai mata biyu zaune suna jiran rigunansu, shi ke nan dalilina, ba ni da wani.

Ranar Kirsimeti aka taru a rafi, Inna ba ta zo ba. Fasto ya bi ta har gida, ya yi tambayar duniyar nan, ta ce, "A bar ni tukuna." Saratu ta yi kuka, ta yi faɗa, Inna ta ƙi faɗin dalili. Ku da kuka san matanmu kun san uwa ba ta ɗaukar maganar ɗan fari a bakinta, ko yabo ko kuka. Ta rufa mini asiri, ita kuma nata ya tonu a kan laifin da ba ta yi ba. Na ce wa kaina zan sa a saƙa wani in kai mata kafin Ista. Da zafi ya shigo, sanƙarau ya ɗauke ta, ko jinya ba a yi ba.

Wurin wankan gawa ne Saratu ta ga ƙullin a bakin zanenta. Ta fito da shi a tafin hannu, ta ce, "Yaya, duba! Ashe ƙullin tsafi take yawo da shi. Ashe komawa ta yi." Dattawan coci suka duba, suka girgiza kai, suka ce ba za a sa ta a makabartar masu bi ba. 'Yan'uwanta suka ɗauke ta suka binne ta irin tasu, da giya da kiɗa, giyar da ta bari da ranta. Ina tsaye a wurin. Baki gare ni, harshe gare ni, ban ce komai ba. Da aka ce a ƙone ƙullin sai na ce a ba ni, ni zan ƙone. Ban ƙone ba, yana cikin aljihun kekena tare da allurai.

Tun ranar ban ƙara samun salama ba. Duk Lahadi akawun nan yakan tashi karatu da rigar, layin shunin yana nan a bakin hannunta, in ya ɗaga hannu sai in ga yatsun Inna suna murza mazari. Ba na jin abin da ake karantawa. Gurasar Jibin Ubangiji ta zo gabana in miƙa wa na kusa. In ina taka keke sai in riƙa jin muryarta a cikin ƙarar, "Allah ya gyara keken," in tsaya cak in waiwaya, ba kowa sai masu jiran ɗinki. Wace irin Kirsimeti na yi? Haihuwar Mai Ceto ake biki, ni kuwa na tare wa uwata hanyar zuwa gare shi saboda ɗinkin gidan akawu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, da a bakin mutane nake jin sa.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne, Saratu ta haihu, mace, kuma ranar Kirsimetin nan za a kai jaririyar coci a sa mata suna. Mijinta ya ce a mayar da sunan Inna. Saratu ta ce, "Har abada! Ba zan sa wa 'yata sunan wadda ta juya wa Yesu baya ba." A gabana ta faɗa, ta kuma juyo ta ce, "Ko ba gaskiya ba, Yaya?" Na sunkuyar da kai ina gyara zare.

Ga shi an sake buɗe kasuwar auduga, shago ya sake cika, akawun ma ya aiko da ɗinkin bana. In na tashi a gaban ikilisiya na faɗi gaskiya, na san Saratu ba za ta ƙara kallona ba, mutumin nan zai ji kunyar da ba shi ya jawo ba, masu kawo ɗinki za su watse, ga 'ya'yana ƙanana. In na yi shiru, yarinyar nan za ta girma ana gaya mata kakarta matsafiya ce, alhali tsohuwar nan ta mutu da guntun rigar baftismarta ƙulle a jikinta. Na sani Allah mai gafara ne, amma da wane baki zan roƙe shi, ƙyallen yana nan a kekena?

Ku dubi girman Allah ku ba ni shawara kafin ranar. Me zan yi?