Akwatin da Ba Ya Farkawa a Takarda

Litinin, 3 ga Yuni

Yau ma rana ba ta fito ba. Birnin nan namu na Lima ya shiga watanninsa na toka-toka, da yayyafin nan da ba ya jiƙa mutum sosai kuma ba ya barinsa ya bushe. Gwiwata ta fara nata.

An jibge mini sababbin fayiloli. Duk masu neman gyara ne kamar kullum: an riga an ba mutum takardar mallakar abin da ya ƙirƙira, an buga hatimi, sai daga baya ya farga akwai kuskure a ciki, ya dawo yana so ni Nélida in share masa hawaye. Na fi shekara ashirin a wannan teburin. Wilmer, mai zama kusa da ni, yana kirana Doña A'a, wato Uwargida A'a, idan ya zaci ba na ji. Ina ji sarai.

Laraba, 5 ga Yuni

Ɗaya daga cikin fayilolin ya tsaya mini a rai. Na wani Teófilo Ccanto ne, tsohon injiniyan rediyo a ma'adinai, daga wani ƙauye a tsaunukan Huancavelica. Ya ƙera akwati da ake kafawa a kan tudu, ya kamo sabis ɗin waya daga nesa ya jefa wa ƙauyen da ke cikin kwari. Irin wannan ba sabo ba ne. Dabararsa ita ce akwatin barci yake yi don kada batir ya ƙare a kwanakin hadari, sai wani ɗan ƙaramin sashe da ke zaune ido biyu yana saurare. Kira na shigowa sai ya tayar da sauran.

A zane na uku an ja layin wutar wannan sashen ta bayan makunnin da ke sa akwatin barci. Wato idan akwatin ya kwanta, mai tashin nasa ma ya kwanta tare da shi. Abin da ke cikin takardar ba zai taɓa farkawa ba. Yana so a mayar da layin gaban makunni, kai tsaye daga babban batir.

Na karanta bayanin tun daga farko har ƙarshe ina neman jimla ɗaya da ta faɗi inda wutar ke fitowa. Babu.

Juma'a, 7 ga Yuni

Na sake karantawa. Har yanzu babu. Lauyan da ya rubuta wannan, Allah ya isar wa tsohon nan.

Talata, 11 ga Yuni

Teófilo Ccanto ya zo da kansa. Ba a hana ba, amma ba a saba ba. Mai gadi ya kira ni ya ce akwai wani dattijo a ƙasa da kaya cikin buhu, ya ƙi barinsa a ƙofa. Na sauka ina shan mur don kada a ga fuska.

Gajere ne, da hula da jaket mai kauri, ya kwana a mota daga can. Numfashinsa na ƙara kamar na duk waɗanda suka daɗe a ramin ma'adinai. Ya ciro akwatin ya ɗora a teburin ɗakin baƙi, ya kwance murfin da ɗan sukundireba daga aljihunsa, ya nuna mini wayar wutar sashen nan. Ja ce, ga ta nan a gaban makunni, inda ya ce.

Labarin da ya ba ni bai wuce abin da na zata ba. Lauya ya ba wani mai zane aikin, shi kuma tsohon ya sa hannu bai duba ba, don murna ta cika shi a ranar. Yanzu wani kamfani na sayar wa gundumomi akwati irin nasa sak. Ya rubuta musu, lauyoyinsu suka amsa cikin ladabi cewa nasu yana farkawa, wanda ke takardarsa kuwa ba ya farkawa, don haka ba abu ɗaya ba ne. Abin haushin, gaskiya suka faɗa. Sabuwar takarda kuma ba zai samu ba, tunda akwatin ya yi shekaru a kan tudu kowa na gani, ya daina zama sabo a idon doka. In gyaran nan bai yiwu ba, ya rasa abin nasa ke nan.

Na yi masa bayanin ƙa'idar da na yi wa mutane sau ba adadi. Muna gyara kuskuren da duk injiniyan da ya ɗauki takardar zai gani da kansa, kuma ya ga cewa gyaran ɗaya ne tak. Abin da ke cikin akwatin ba ruwana da shi, takardar kawai nake kallo.

Ya ce, “To 'yata, yanzu da kika gani da idonki fa?”

Na ce dole in yi kamar ban gani ba.

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce aikinmu ya fi na rami wuya, su can ko ba komai in ka ga dutse an yarda ka ce dutse ne. Ya so ya bar mini cuku da soyayyen masara, na ce ba na karɓa. Ya ba mai gadi, shi ko kunya babu ya karɓe.

Alhamis, 13 ga Yuni

Ba na son masu zuwa da kansu. Fayil ba ya tari.

Litinin, 17 ga Yuni

Muna da al'ada a sashenmu da muke kira idon baƙo. Idan ana shakkar ko kuskure a bayyane yake, sai ka cire zanen ka miƙa wa abokin aikin da bai karanta fayil ɗin ba, ba ka ce masa komai, ka ga abin da zai gani. Doña Zoila, shugabarmu, ita ta kawo ta tun ina sabuwa, kuma duk abin da ya fito sai an rubuta shi a rahoto, ya yi daɗi ko bai yi ba.

Na ba Wilmer bayan mun dawo daga cin abincin rana, yana ta sakace. Ko minti biyu bai yi ba ya ce, “Kai, wa ya zana wannan shirmen? Ai mai gadin akwatin ma barci yake.” Murna ta kama ni, ni da kaina na yi mamaki. Na ce to gyara.

Ya ɗauki fensir ya ja layin zuwa ƙaramin batir, wanda ke riƙe agogon na'urar a gefen zanen. Ba babba ba.

Na tambaye shi dalili. Ya ce shi ne mafi kusa, kuma kowa haka zai yi. Na ce ƙaramin zai ƙare da wuri. Ya ce sai a sa mai ɗan girma, zai yi aiki dai. Kuma zai yi ɗin, na sani. Hanya biyu ke nan.

Na ce masa ya daina sakace a gaban mutane, abin ƙyama ne. Ya dube ni ya ce me ya yi kuma. Bai yi komai ba.

Talata, 18 ga Yuni

Ban rubuta na Wilmer a rahoto ba tukuna. Ba ɓoyewa nake ba, ban dai kai wurin ba.

Asabar, 22 ga Yuni

Na je wurin ƙanwata Delfina a unguwar Comas. Ta dafa miyar kaza don sanyi, ta ce na rame, ta ce na yi shiru, ta ce in yi ritaya in huta tunda ba miji ba ɗa da nake wa wahala. Delfina ba ta iya faɗin abu ɗaya ta tsaya. Na ɗan ba ta labarin ba tare da suna ba. Ta ce ita ba ta ga abin wahala ba, mutum ya ƙera abinsa, na gani, in sa hannu kawai. Na ce in na sa, lauyoyin kamfanin za su rushe shi a kotu su ja tsohon a ƙasa shekara da shekaru. Ta ce to wannan damuwar kotu ce, ba tawa ba.

A motar dawowa na yi ta ba ta amsa a zuciyata har muka iso. Duk amsoshin daidai ne, ba wadda ta sanyaya mini rai.

Talata, 25 ga Yuni

Abin kunya.

Na kai wa Doña Zoila zanen, wai ido na biyu. Ba a saba yin na biyu ba, ta sani, ta dai karɓa ta sa tabarau. Ina tsaye a gefenta na dafa takardar kamar don kada ta zame. Ta daɗe tana kallo, sannan ba tare da ta ɗago ba ta ce, “Nélida, ɗauke yatsanki daga kan babban batir.”

Wallahi ban san na ɗora shi a can ba. Ko na sani. Na ɗauke.

Ta cire tabarau ta tambaye ni wa ya fara gani, me ya zana. Na faɗa mata. Ta ce to ai an gama, me nake nema a wurinta. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce kowa a teburin nan yana da fayil ɗaya irin wannan, nawa ne ya yi jinkirin zuwa, har ta fara zaton ni dutse ce. Sai ta ce in kawo rahoton kafin ƙarshen mako.

Alhamis, 27 ga Yuni

Na rubuta. Kuskuren a bayyane yake, gyaran ba ɗaya ba ne, ba a amince ba. Shafi biyu, babu inda lauya zai sa farce. Ban taɓa rubuta rahoton da ya kai shi tsabta ba, kuma raina a ɓace yake tun safe.

Wilmer ya ajiye mini kofin shayin ganye mai zafi daga mai kura na bakin titi. Na sha.

Laraba, 10 ga Yuli

Shiru daga Huancavelica. Yawanci idan an ƙi, lauya kan aiko da wasiƙa mai zafi cikin mako guda. Shi ba shi da lauya yanzu.

An kafa tutoci a ko'ina don bikin ƙasa, duk sun jiƙe sun lanƙwashe. Gwiwa na nan.

Litinin, 15 ga Yuli

Na kira shi. Ba na kiran masu fayil, ban taɓa ba, amma ya kamata a tabbatar takardar ta isa, ƙauye ne. Na fita baranda da wayata don ofis akwai hayaniya.

Wayar ta ɗan yi shiru kafin ta fara ringin, kamar na numfashi biyu. Sai ga muryarsa tar, har ina jin kare na haushi da wata mata na kiran yaro.

Ya gane ni nan take. Ya ce takardar ta iso, malamin makaranta ya taya shi karanta ƙananan rubutun don idonsa ya yi rauni. Na fara yi masa bayanin ɗaukaka ƙara, ya katse ni a hankali, ya ce ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar hanyar Lima ba, kuma ya karanta dalilina ya ga babu ƙarya a ciki. Gunduma ta riga ta yi odar na kamfanin, wata mai zuwa za a sauke nasa daga tudu a kafa nasu. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Sai ya ce, “Kin lura da ɗan shirun nan kafin ta shiga? Barci yake yi, 'yata. Ke kika tashe shi.”

Na ce ina jinsa sosai. Ya ce ai ya sani. Na ce, “Naka ne, Baba Teófilo. Na gani.” Ban san abin da ya kai ni faɗin haka ba, ba shi da amfani a ko'ina, ba zai shiga kowace takarda ba. Na ji numfashin nan nasa, sannan ya ce ya gode, in gaishe da mai gadi.

Na daɗe a baranda. Idona ya yi ta ruwa, iskar nan ce mai sanyi.

Na rubuta a fayil cewa an tabbatar ya karɓa, na rufe, na mayar. Abin da ya sa na kira ke nan, ba wani abu ba. Lambar dai tana cikin wayata, ban goge ba tukuna.