Bangon da Ya Haɗa Mu da Corinne

Litinin, 6 ga Maris

Yau sun rushe gidan maƙwabciyata Corinne. Gidaje goma sha biyu ne a jerinmu, na jan bulo, kowanne manne da ɗan'uwansa, an gina su tun kafin a haifi kakata. Yanzu saura nawa kaɗai. Direban katafilar ya ce in fita har su gama. Na ce masa shekarata hamsin da ɗaya a gidan nan, yaron da aka haifa jiya ba zai fitar da ni ba. Kofuna biyu sun faɗo sun fashe.

Laraba, 8 ga Maris

Na zagaya na dubi bangon da ya haɗa gidana da na Corinne ta waje. Da na sani ban je ba. Ɗakunanta duk suna nan a jikinsa: shuɗin fentin ɗakin kwana, koren kicin, da sawun matakala yana hawa a karkace har sama, babu matakalar. Har ƙusar da take rataye madubi. Shekara huɗu da rasuwarta, amma ji na yi kamar an tsiraita ta a bakin titi.

Asabar, 11 ga Maris

Na wanke farin dutsen matakalar ƙofata kamar kowace Asabar. Da can a wannan yanki na Baltimore, mu goma sha biyu ne a durƙushe da bokiti, ana gulma ana gogewa. Lemuel, dattijon cocinmu da ke tsallaken titi, ya leƙo ta taga.

"Odessa, wa kike yi wa gwaninta? Ɓeraye?"

Na ce, "Su ai suna shigowa gaisuwa, ba kamar wasu ba."

Ya yi dariya har da tari. Can sai ya ce ƙarshen wata zai koma wurin ɗansa. Na ci gaba da gugata.

Talata, 14 ga Maris

Da rana tsaka, ina yanka albasa, na ji Corinne. Takun silifas a matakala, ƙafa ɗaya da nauyi, ɗayar ana janta, saboda ciwon ƙugunta. Sannan ƙwanƙwasa biyu a bango, yadda take yi in kofi ya dahu. Har na ɗaga hannu zan mayar mata, sai na tuna babu komai a bayan bangon nan sai fili.

Alhamis, 16 ga Maris

'Yata Renita ta ce ƙarar da nake ji, bulo ne ke saki. To.

Lahadi, 26 ga Maris

Lemuel ya tafi jiya. Bayan coci na tarar da wasu miji da mata suna ɗaukar hoton gidana. Matar ta yi ta yabon gilashin nan mai launi da ke saman ƙofa, ta tambaya ko zan sayar in lokaci ya yi. Na ce wane lokaci? Ta koma ɗaukar hotonta. Wai har unguwar an yi mata sabon suna. Ban riƙe shi ba.

Corinne ta hau sau biyu yau. Ban taɓa jin saukowarta ba.

Laraba, 5 ga Afrilu

Ma'aikacin duba gine-gine ya zo. Tsagar da ta buɗe a bangon ɗakin sama, hannunsa ya shige har wuyan hannu. Ya ce ba a gina bangon don ya tsaya shi kaɗai ba, kuma ba ya jin zai kai sanyi mai zuwa. Renita ta yi kuka a waya. "Mama, gida kike gadi ko kabari?" Na kashe.

Da Corinne ta ƙwanƙwasa ɗazu na mayar mata. Na tsaya kunne a bango har ƙafata ta sage. Shiru. Wannan shirun ya fi takun ba ni tsoro.

Asabar, 15 ga Afrilu

Na bi Renita ganin wani ɗaki, a gidan tsofaffi da ke kusa da ita. Gani kawai, don ta ƙyale ni. Hawa na huɗu, komai fari fat, bango kamar kwali. Ana jin rediyon maƙwabciya, tana soya wani abu tana bin waƙar coci da muguwar murya. Renita sai ba ni haƙuri take kan hayaniyar. Na zauna a kujera don in huta ƙafa, wai awa guda na yi ina barci. Rabona da irinsa tun ranar katafila.

Ban ce zan koma ba. Na dai tambayi sunan matar. Geraldine.