Sunan da ke Jikin Gicciye

Consuelo, 2 ga Mayu, 1999

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da wannan hannun dama naka da duk garin nan ke yi wa addu'a. Mama na gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi.

A bayan ambulan na rubuta Wilkin Reinoso kamar yadda ka koya mini, don kada Turawan ƙungiyarku su tsargu. Amma a cikin takarda ni ce yayarka, kuma Fulgencio zan kira ka, sunan da aka yi maka baftisma da shi.

Ranar ashirin ga watan gobe Wilkin na gaskiya, autanmu, zai cika shekara a ƙasa. Doña Tomasa ce za ta ja addu'ar cikar shekara, mu dafa shinkafa da wake, mu raba kofi. Gicciyen katakon da ke kan kabarinsa gara ta cinye, za a kafa na siminti. Mai yin rubutu a jikinsa ya tambaye ni sunan da zai sa, na ce ya saurara mini.

Ka san abin da ke jikin tsohon: sunanka. Tun ranar da mai horar da kai, Don Chepe, ya ce masu ɗaukar 'yan wasan ƙwallon besbol ba sa waiwayar ɗan shekara ashirin, ya sa kuka musanya takardun haihuwa, kai ka koma ɗan sha shida, yaron nan ya tsufa da shekara huɗu a wuni ɗaya. Da motar rake ta banke shi a kan acaɓarsa, katinka aka samu a aljihunsa, da shi aka cika takardar mutuwa, mu kuwa muka yi gum.

To, me zan ce wa mai rubutu? Kada ka aiko mini da hoto a madadin amsa.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Nereida

Amurka, 16 ga Mayu, 1999

Yaya Nereida,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Mama da maigidanki. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a banɗaki don kada abokin ɗakina ya ga fuskata.

Yaya, ki yi mini haƙuri na wata biyu kacal. Wani mai jifa a babbar ƙungiya ya ji ciwo a gwiwar hannu, kocinmu ya ce sunana ne a gaba. Shekara biyar ina kwana a bas daga wannan ƙauye zuwa wancan saboda ranar nan. Kin san suna turo masu bincike gida, su duba rajistar makaranta da ta coci. In wani ya ga Wilkin Reinoso a kan kabari, shi ke nan: su kore ni, su soke bizata. Mai rubutun ya sa “Ɗanmu abin ƙauna” kawai mana. Ai Allah ya san wanda ke ciki.

Kada ki ɗauka daɗi nake ji. Ranar Lahadi na fitar da mutum tara daga wasa da jifana, ba wanda sandarsa ta taɓa ƙwallo, filin duka ya ɗauka, “Wilkin! Wilkin!” Na ja hula na rufe ido. Abin da nake gani shi ne yaron nan tsugune a bayan injin rake, ya yi safar hannu da kwalin madara yana caɓe jifana, tafinsa a kumbure, yana cewa, “Jefo, Yaya, tsohuwa ma ta fi ka ƙarfi!”

Na ce muku ƙungiya ce ta hana ni zuwa jana'iza. Ƙarya ce. Ban ma tambaya ba. Tsoro na ji in tsaya a gaban jama'a ina karanta sunana a kansa.

Ki gaida Mama. Kada ki karanta mata wannan.

Ƙanenki

Consuelo, 30 ga Mayu, 1999

Fulgencio,

Muna gaishe ka, muna lafiya. Na ga ko hannu ba ka iya sawa ba a ƙarshen takardarka. Sunaye biyu gare ka, ka rasa na rubutawa.

“Ɗanmu abin ƙauna.” Sannu, malamin dabara! Ko karen Don Chepe da ya mutu an binne shi da sunansa.

Masu binciken naka ba su ne damuwata ba. Garin nan kaf ya rufa maka asiri. A shagon Pirulo, in an kawo labarinka a rediyo, sai wani ya ce, “Kai, yaron nan da ƙuruciyarsa, har ya girmi ƙanensa da ya girme shi!” a bushe da dariya, ni in sunkuyar da kai in karɓi gishirina. Na saba.

Ga abin da ban gaya maka ba. A kwana taran addu'ar bara, Doña Tomasa sunan da ke takarda ta riƙa kira, don baƙi sun cika ɗaki. Duk sanda ta ce, “Ya Ubangiji, ka ba bawanka Fulgencio hutu na har abada,” kowa ya amsa, ban da Mama. Na zaci kuka ne ya shaƙe ta. Shekaranjiya muna fere rogo na ce mata bana dai ta daure ta amsa. Ta ajiye wuƙa.

Ta ce, “Nereida, in ce amin a kan wanda ke raye? In tura shi da bakina?”

Na ce, “To Mama, ki sa Wilkin a zuciyarki.”

Ta ce, “In kira Wilkin kuma in kashe wa wancan abincinsa. Na rasa ɗaya, ba zan karya ɗaya ba.” Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da fira.

Shekara guda, ƙanena. Matar nan ba ta yi wa autanta addu'a ko sau ɗaya ba, saboda kai. Ta kuma rantsar da ni kada in faɗa maka, ga shi na ci amanarta, kunyar wannan ma ni zan ɗauka.

Mai rubutu zai zuba siminti ranar sha biyar. Abin da ka ce shi za a sa.

Allah ya tsare.
Nereida

Amurka, 9 ga Yuni, 1999

Yaya,

Ina gaishe ku.

Jiya da safe koci ya kira ni ofis, ya miƙo mini tikitin zuwa babbar ƙungiya yana murmushi. Na ce masa shekarata ashirin da biyar, kuma mai sunan da ke tikitin ya rasu bara. Ya karɓe tikitinsa. Kafin azahar sun karɓi rigata.

A rubuta Wilkin Reinoso, shekara ashirin. Kada kowa ya taɓa tsohon gicciyen, ni zan tuge shi da hannuna. Zan sauka ranar sha takwas; ki zo ke kaɗai, ba zan iya haɗa ido da mutanen gari ba tukuna.

Ki ce wa Mama ta amsa da ƙarfi.

Ƙanenki,
Fulgencio