Tsakin Ranar Asabar

Zuwa ga Yayana Habu Tela, Sabon Gari, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar jikinka, da lafiyar matarka Anti Rabi da yara. Ni ma ina nan lafiya a Riyad, a ɗakina na bakin get a unguwar Nasim. Zafi ya fara sassautawa, har mutum yana iya wanke mota da hantsi ruwan bai bushe a kan gilashi kafin ya goge ba. Sabon dabino ya cika kasuwar Utaiƙa. Na san ku kuma ruwa ya fara ja baya, mai gasa masara ta dawo bakin shagonka, ko da yake shagon a rufe yake.

Ka san halina, abin da ya dame ni sai na rubuta shi nake iya kallonsa. Wannan karon a shafina na intanet na sa shi, domin na san Anti Rabi tana dubawa, za ta zauna kusa da kai ta karanta maka a hankali. Akwai waɗanda za su karanta ba su san mu ba, ka yi haƙuri in ɗan koma baya saboda su.

Tun tsakiyar damina hawan jini ya kayar da kai a kan keken ɗinki. Ɓarin jikinka na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Anti Rabi ta ce kana kallon mutane, kana haɗiye kunu, amma likita bai iya cewa ga iyakar abin da kake ganewa ba. Tun ranar ban ji muryarka ba. In na kira, ita take magana, ta kara maka wayar a kunne, in yi ta gaishe ka ni kaɗai har gaisuwar ta ƙare mini.

Na nemi izinin zuwa gida. Abu Fahad, kafil ɗina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar nan, wanda nake tuƙa iyalinsa, ba mugun mutum ba ne. Ya ce iƙamata, takardar izinin zamana, tana wurin sabuntawa, ga makarantu sun koma, ba mai kai yara. Ya ce in bari sai hutun tsakiyar zango, in Allah ya so. Na ce to. Ban san ko da wata magana da ya kamata in ƙara ba. Na yi ta juya abin a raina, ko da na matsa da ya yarda, ko kuwa da na matsa da na rasa aikin da ake saya maka magani da shi. Har yau ban san wanne ne daidai ba.

Kai ka koya mini ƙwallo. Ina tuna ranar da ka ɗora ni a wuya a filin wasa don in hango ta saman kawunan mutane, ga zare da allura soke a aljihun rigarka suna sukar ƙafata, ban faɗa ba don kada ka sauke ni. Kai ka zaɓa mana ƙungiyar nan ta Turai mai jar riga, ba ka tambaye ni ba. Ka ce ƙungiya kamar dangi ce, ba a sake ta don ta ba ka kunya.

Ina tuna tsakinka kuma. Duk layin shagon sun san shi. Ta gefen hagu na bakinka yake fita, saboda gefen dama kullum da zare a ciki. Yana da tsawo, sai ya yi kamar zai ƙare, sai ya ƙara ɗagowa a ƙarshe. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce tun daga zaure take gane an ci ƙungiyar Habu, ba sai ta tambaya ba.

Da na zo ƙasar nan muka ƙirƙiro al'adarmu. Duk ranar da masu jar riga za su buga, in kira ka, mu bar waya a buɗe, kai a shago ni a ɗaki, mu yi kallo tare. Sai muka gano hoton talabijin ɗina yana riga naka isowa da ɗan lokaci, kamar numfashi biyu ko uku. Ranar farko na yi ihun cin ƙwallo alhali a wurinka ɗan wasan bai ko karɓi ƙwallon ba. Ka kashe waya, ba ka sake ɗauka ba sai da mako ya zagayo. Da ka ɗauka ka ce, "Isiyaku, kallo na ce mu yi, ban ce ka ba ni labari ba." Daga ranar muka kafa doka: wanda ya riga gani ya kama bakinsa. Shekaru ke nan ina ganin ƙwallo a raga in danne baki da hannu, sai na ji ihunka daga Zariya sannan in saki nawa. Mutanen gidan nan sun ɗauka talabijin ɗina ne yake makara.

To, ga abin da ya faru a ƙarshen makon jiya.

Ka san nan Juma'a da Asabar ne hutu. Wannan makon wasanni suka taru wuri guda kamar an haɗa baki. Juma'a akwai damben boksin da 'yan'uwanmu na Utaiƙa suka shirya kallo da babban faranti na shinkafa da kaza. Asabar manyan ƙungiyoyin garin nan biyu za su kara a babban filin wasa. Lahadi tseren motoci, wanda yaran gidan ke so, amma ni ranar aiki ce, ban sa shi a lissafi ba. A tsakiyar wannan duka, Asabar bayan La'asar, ga namu wasan, da wata ƙaramar ƙungiya da ko sunanta mutane ba sa riƙewa.

Ranar Laraba Abu Fahad ya kira ni ya miƙo mini waya, ya nuna mini tikitin wasan manyan ƙungiyoyin garin. Ya ce wannan karon ba zan jira a mota ba, zan shiga tare da yaran. Na gane yana so ya rage mini zafin hana ni tafiya ne. Yaya, sau nawa na kai yaran nan filin nan? Kullum a wurin ajiye motoci nake zama, in ji ƙasa tana rawa in an ci, in ga hasken fitilu a sama. Kai da kanka ka sha ce mini, "Kana garin da manyan 'yan wasan duniya suke, amma ba ka taɓa ganin ko ƙeyar ɗaya ba. Ranar da ka shiga ka ɗauko mini hoton ciyawar."

A daren ranar kuma Anti Rabi ta aiko saƙo. Ta ce an ɗauko talabijin ɗin shago an kafa a ɗakinka, an gyara janareto. Ta ce mai yi maka gashin jiki ya ba da shawara a riƙa sa maka abin da ka saba da shi. Ta tambaya ko zan kira ranar Asabar kamar da.

Na zauna na auna lokutan, na sake aunawa. Saboda cunkoso, yaran za su bar gida daidai lokacin da za a take namu wasan. In na bi su, ina kan titi ina tuƙi, ba zan ga komai ba, kuma ba zan iya riƙe waya ba. In na ce in kira ka daga cikin filin, hayaniyar wani wasa za ka ji, ba namu ba. Na nemi hanyar haɗa biyun ta ko'ina, babu.

Ranar Alhamis na je na sami Abu Fahad. Larabcina na tuƙi ne da cefane, bai kai in bayyana masa dokarmu ba. Na ce masa dai yayana ba shi da lafiya, kuma ina da alkawari da shi a wannan lokacin. Ya dube ni jim, ya ce ba matsala. Usman, direban ƙaninsa, shi aka ba motar da tikitin. Usman ɗan unguwar Jaradiya ne a nan Riyad, iyayensa Hausawa, a nan aka haife shi, Hausarsa tana tuntuɓe. Ya rungume ni ya ce, "Wallahi kai miskin ne, amma shukran."

Juma'a na je Utaiƙa bayan masallaci. Na ci shinkafa, damben ya wuce a gabana ban san wa ya doki wa ba. Labarin tikitin ya riga ni isa. Suka yi ta yi mini tsiya, wai na bar naman sa na kama ƙashin kaza. Wani dattijo a cikinsu, wanda mahaifinsa ya yi irin ciwonka, ya ja ni gefe ya ce kada in sa rai da yawa. Na gode masa. Na dawo gida ina tunanin ko dai don kaina nake yin abin nan, ba don kai ba.

Asabar na share ɗaki, na cika wayar da caji, na kashe esi, na'urar sanyaya ɗaki, don kada ƙararta ta rufe mini wani abu. Na ji motar ta fita, yaran suna buga ganga a kujerar baya. Na kira. Anti Rabi ta ce ta jingina ka da matashi, ta ajiye wayar a gefen hagunka. Ina jin janareto, ina jin mai sharhi a wurinku yana maimaita abin da nawa ya gama faɗa. Ina jin numfashinka, ko kuma abin da na ɗauka numfashinka ne.

Kafin hutun rabin lokaci muka ci. Ƙwallo mai kyau, da ka, daga kusurwa. Na danne bakina kamar yadda na saba. Na ji mai sharhinku ya ɗaga murya. Na ji yaran maƙwabta sun yi ihu a waje. Na jira naka. Na ci gaba da jira har aka mayar da ƙwallo tsakiya aka ci gaba da wasa. Hannuna yana kan bakina, ban san lokacin da ya kamata in cire shi ba, tunda kai ne kake ba ni izini.

Aka kira Magariba a nan daidai hutu. Na ce wa Anti Rabi kada ta kashe, na tafi masallacin layinmu na dawo. A sujada ban iya tsara addu'a ba, sunanka kawai na yi ta faɗa.

Bayan an dawo suka rama. Ban ji komai daga wurinka ba. Na fara gaya wa kaina dattijon nan ya yi gaskiya, gara in saba.

Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba mu fenareti. Yaron nan da ka tsana, wanda kake cewa an saye shi da kuɗin gina asibiti amma ƙafarsa ta katako ce, shi ya ajiye ƙwallon. Ya ja baya, ya zo da gudu, ya ɗaga ta sama can cikin 'yan kallo. Tsaki ya zo mini har bakin haƙori, na haɗiye shi. Numfashi ɗaya, biyu.

Sai na ji shi a waya. Mai tsawo. Ya yi kamar zai ƙare, ya ƙara ɗagowa.

Aka hura tashi, Anti Rabi ta ce za ta ba ka magani, muka yi sallama. Can da dare Usman ya dawo da yaran murya a dishe, yana ba ni labarin ƙwallayen da aka zuba, ya nuna mini hoton ciyawar. Na ce ya turo mini, zan aiko maka.

Yaya, tun ranar nake juya tsakin nan. Gefen hagu ne lafiyayye a jikinka, kuma ta nan tsakinka yake fita tun asali, wannan ya ba ni ƙarfi. Amma Anti Rabi ta shekara ashirin da wani abu tana jin tsakin nan, ba mamaki bakinta ya ɗauka. A daidai lokacin janareton ya yi tari, kuma na san yadda take jin haushinsa. Akwai kuma wanda ya fi damuna: ta ji shirun da na yi bayan ƙwallon farko, ta san abin da nake jira, mace ce mai tausayi. Ba sai ta san dokar ƙwallo ba kafin ta gane wadda aka harba sama ba ta shiga ba.

Na ɗauki waya zan tambaye ta ya fi a ƙirga, ina ajiyewa. Yanzu da take karanta maka wannan, ina roƙonta kada ta ba ni amsa. In kai ne, ka san kai ne. In ba kai ba ne, a bar ni da shi haka, da shi nake tashi in kai yara makaranta.

Asabar mai zuwa muna da wasa a waje. Na riga na gaya wa Abu Fahad, na gaya wa mutanen Utaiƙa kada su jira ni. Zan kira, zan kashe esi, zan kama bakina. Wani abu kuma da ban taɓa zaton zai same ni ba: na zauna zan yi wa masu jar riga fatan nasara, sai na ji zuciyata tana so a sake ba yaron nan fenareti, ya sake harba ta sama. Ka yafe mini wannan, na san da kana magana da ka zage ni.

Allah ya ba ka lafiya, Ya sa wannan ciwo ya zama kaffara. Allah ya saki harshenka, Ya mayar da ƙarfin hannunka na dama. Allah ya saka wa Anti Rabi da alheri a kan abin da na sani da wanda ban sani ba. Allah ya kawo ni gabanka ina ganinka kana ganina, mu kalli talabijin guda, ba wanda ya riga wani.

Ƙaninka mai jiran izininka,
Isiyaku Direba,
Nasim, Riyad.